Filin da Babu Mai Shi

Ranar da aka ce a ɓangarenmu na Tambuwal za a gina filin wasan sabuwar jami'a, ba a Kebbe ba, ni aka ɗaga sama a gidan kallon ƙwallo. Wata uku ina musu da 'yan Kebbe har muryata ta dishe. Ni ne ma na kai masu awo bayan gonata, na nuna musu wani dogon fili fetal.

"Babu mai shi," na ce musu.

Kawuna, wanda ya tsufa a kiwo, ya dubi turakun awon ya girgiza kai. "Ɗana, da rani kunka gan shi. Masu shi sun tafi kudu."

Na yi dariya.

Kuɗin ginin bai wuce na katanga ba. Ta tsaya nan, ta datse wurin daga gefe zuwa gefe.

Damina ta sauka, gerona ya kai gwiwa. Yau da hantsi ina noma a gonata na ji kukan shanu, ɗaruruwa, suna dawowa ta burtalinsu na kaka da kakanni. Na gaba sun isa katanga sun tsaya, na baya suna turowa.

Hanya ɗaya ta rage musu, kuma a cikinta nake tsaye da fartanyata.