Badalin Riyal Arba'in

Ranar Juma'a kowa a Makka don masallaci yake wanka, shi kuwa Mailafiya don Kabo yake yi. Tun hantsi zai gangaro daga unguwar Nakkasa da cinikin mako ƙulle a bakin rawani, ya zube shi gaban Kabo a shagonsa na unguwar Jarwal, ya koma gefe ya tsuguna kamar wanda ya kawo ƙarar kansa.

Da can tasbaha da kwalli yake sayarwa a bakin Harami. Wata rana ruwa ya sauko daga duwatsu ya kwashe kayan kaf, kayan kuwa na mutane ne. Ja'afaru mai shago, mutumin Damagaram, yana binsa bashi. Hajiya Rakiya mai ɗakin haya tana binsa, ita kuwa in ta zo karɓa har 'yan unguwar gaba sai sun san adadin.

Kabo ne ya shiga tsakani. Ɗan garinsu ne, Ringim, ga iƙama, takardar zama, ga alƙalami, ga murya mai taushi kamar ta mai ta'aziyya. Ya yanka tsari: a kowane riyal goma, shida na masu bashi, ɗaya ladan wahalarsa, uku na gida. Fasfon Mailafiya kuma ya zauna a akwatin Kabo har ranar da za a biya kirshin ƙarshe. Wannan fasfo kaɗai ya san sunan mai shi na yanka, don tun a Sudan 'yan ayari suka laƙaba masa Mailafiya, saboda ko taka shi ka yi shi zai ba ka haƙuri.

Riyal ukun nan kuwa a kan Ramlatu suka sauka, matar da ya aura a nan. Garwar ruwa biyu ta koma ɗaya. Ruwan da ya wanke shinkafa shi zai wanke kwano, sannan ya wanke ƙafa. Nama sai na layya, wanda take shanyawa a rufin ɗaki tana gadinsa da sanda.

"Malam, kananzir ya ƙare."

"Wata ya kusa cika, Ramlatu. Ga fitilar da ba ta cin kirshi."

"To ka ce ta dafa mana shayi."

Ba ya jin haushi. Yana da gona a Ringim, a bakin kogi, yana da tsohuwa mai jiransa. In bashi ya ƙare, fasfo ya fito, sai jirgin ruwa daga Jidda. Ramlatu ta sha labarin gonar nan har ta san inda kowace giginya take. Duk shekara yakan zauna gaban Kabo ya faɗi wasiƙa, Kabo ya rubuta, ya lashe ambulan da harshensa. Shekara huɗu ba amsa.

"Mutanen gida sai a hankali," in ji Kabo. "Kuma ka ji, ɗan'uwa, lokacin aikin Hajji kada ka leƙo Jarwal. Nan alhazan garinmu ke sauka. So kake su koma su ce wa tsohuwa sun gan ka masu bashi na yanka maka wa'adi?"

Ya ga gaskiyar wannan, har ya yi godiya. Sau ɗaya kawai aka yi kiciɓis. A Arfa yana tallan ruwa ya hango Goggo Maryama, maƙwabciyarsu a gida. Ya durƙusa ya gaishe ta. Goggo ta dube shi, ta saki buta, ta ranta a na kare tana salati. Ya ce zafin rana ne, ko kuwa ramar da ya yi. A wannan shekarar Kabo ya ɗora bene a kan shagonsa, Mailafiya ma ya yi masa dakon tubali kyauta.

A kwana a tashi kuɗin Rakiya suka cika, ta rasa wanda za ta yi wa ihu. Saura riyal arba'in, duka na Ja'afaru. Ana saura mako a hau Arfa, Kabo yana Jidda taryar alhazai, Ja'afaru ya aika aka kira Mailafiya.

"Ya shehu, ga hanya. Akwai badali a hannuna, Hajjin wani mamaci da danginsa suka biya a yi masa. Kabo ya sayar mini da aikin, ni kuma ƙafa ta hana ni. Ka yi, na yafe arba'in ɗin. Halas."

Mailafiya ya hau Nakkasa da gudu kamar ba tudu ba. Ranar Ramlatu ta sayi garwa biyu, ta yi wanka da guda sukutum, ta fara ɗaure kwanoni.

Ran takwas ga wata ya ɗaura harami, ya tsaya a ƙofar shagon Ja'afaru don a faɗa masa sunan da zai yi niyya da shi. Ja'afaru ya lalubo takarda, ya maƙala tabarau.

"Allah sarki, ɗan ƙasarku ne. A hanya ya rasu, bai ko ga Ka'aba ba. Kabo ne ya rubuta musu, shi ya binne shi da hannunsa. Uwar ta sa aka sayar da gonarsa aka aiko da kuɗin, kafin ita ma ta bi shi bara." Ya matso da takardar kusa da hanci. "Ka ce, Labbaika, a madadin Lurwanu ɗan Zali."

Shekara bakwai ke nan rabon Mailafiya da ya ji wani ya kira sunansa na yanka.