Wayar Dutsen Guga

Shugabar makaranta ba ta ko ce wa mai guga ta zauna ba. A tsaye ta gaya mata dokar: duk yaron da fashinsa ya wuce ƙa'ida a zango ɗaya, soke sunansa ake yi, kuma 'yarta ta riga ta kai maƙura. In ta ƙara fashin rana ɗaya, shi ke nan.

Mai guga ta fito daga ofishin zuciyarta na tafasa. Ba korar kaɗai ke cin ta ba. Tun ranar da aka tashi daga zaman makokin mijinta, yayansa, wanda yaran ke kira Baffa, ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: duk ranar da ya ga ta gaza riƙon 'ya'yan ƙanensa, zai zo ya kwashe su. A gaban yarinyar ya faɗa, tana ji. Korar makaranta kuwa ita ce irin hujjar da yake jira.

Abin haushin, yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, ba kuma mai yawo ba. Lokacin da uban ke raye, ita ke tashin gidan da asuba don kada ta makara. Yanzu kuwa kullum da sabuwar ƙarya: yau ciki, gobe kai, jibi takalmi ya ɓace, sai an tashi makaranta a tsince shi ƙarƙashin katifa. In an kore ta zuwa makaranta, sai ta kai bakin titi ta dawo. Da ma wasa take dawowa ta yi, da da sauƙi. Sai dai ta goya Auta, ƙanenta mai rarrafe, ta tsaya jikin teburin guga ta zuba wa uwar ido kamar an ba ta ajiyarta.

Da safe unguwar ke samun wuta, don haka da safe ake guga, kuma da gugar nan ake ci. Amma yarinyar ta mai da aikin abin wasa. Sau nawa uwar za ta goga dutse a kan riga ta ji shi sanyi ƙalau, ta duba ta ga waya a ƙasa, 'yar na tsaye kusa da soket? Ta yi faɗa, ta yi duka, har abinci ta hana ta. Yarinyar ta sha kuka, amma ba ta taɓa faɗin dalili ba. Ga agogon bango shi ma ya shiga sahun masu raina ta: yanzu ta duba shi, kafin ta sake ɗaga kai ya yi tsalle ya yi gaba. Komai na gidan ya lalace tun da mai gidan ya tafi.

A wannan karon ta yi shiri. Tun da yamma ta haɗa jakar littattafai, ta rataye kayan makaranta a ƙusa, takalman kuwa ta kwana da su ƙarƙashin matashinta. Gari na wayewa ta goya Auta, ta damƙe wuyan hannun yarinyar, ba ta sake ta ba sai a ƙofar makaranta.

Nan yarinyar ta turje.

"Mama, don Allah ki bar gugar sai na dawo."

"In kin dawo da wace wutar zan yi?"

"To ki kai Auta wajen maƙwabciya."

"Ke za ki koya mini riƙon ɗa?"

Ta miƙa ta ga mai gadi. "Baba, ko suma ta yi, kada ka buɗe mata ƙofar nan sai an tashi." Ta juya ba ta waiwaya ba, duk da kukan ya bi ta har ta sha kwana. Ya taɓa mata zuciya, amma gara kukan yau da na ranar da Baffa zai zo da mota.

Gidan ya yi tsit, shiru mai daɗi. Ta sauke Auta a kan tabarma, ta ba shi murfin tukunya ya yi wasa, ta jona waya. Dutsen ya yi zafi yadda ya kamata, ba mai zare mata shi. Rigunan suka riƙa fitowa sumul. Rabon da ta ji ita ce uwa a gidan nan har ta manta. Har ta ƙudurta za ta sayo wa yarinyar alewa in ta dawo. Ta dubi agogo, ta shimfiɗa wata farar riga, ta ɗora dutsen a kan wuyanta.

Sai ihu. Ɗakin cike da hayaƙi, maƙwabciya na girgiza kafaɗunta tana kiran sunan Allah, rigar ta ƙone ƙurmus. Dutsen yana ƙasa. Auta ya jawo wayar, ƙarfen ya faɗo masa a hannu. Agogon kuma ya sake yin tsalle.

A asibiti aka ce yaron zai rayu, amma yatsun nan sai abin da Allah ya yi. Likita ya tambaye ta ina ta je ta bar yaro da dutse mai zafi.

"Ban je ko'ina ba. Wallahi a tsaye nake a wurin."

"To, me ya faru?"



A lokacin maƙwabciya ta shigo da yarinyar, da kayan makarantarta, idanu sun kumbura. Ta dubi hannun ƙanenta da aka naɗe, ta dubi uwarta. Sannan ta leƙa baranda, ta tabbata Baffa bai iso ba, ta matso kusa da likitan, ta yi ƙasa da murya.

"Don Allah kada ka gaya wa Baffa. Tun da Baba ya rasu Mama take sandarewa haka, ido a buɗe, ba ta ji ba ta gani, kuma ita ba ta sani ba. Ni nake zare wayar."