Ƙafar da Ta Warke

"Haba ɗan'uwa, shayi a teburin maza? Kafa kai mana," in ji wani aboki ga mutumin da ke shan shayi a rumfarsu.

Mutumin ya yi dariyar yaƙe, ya ture giyar da farantin ƙaguwa. Likita ya ce ciwon gaɓɓai na gawut ne ya kumbura masa babban yatsan ƙafa. Ƙwaya kullum, giya da ƙaguwa kuwa sai dai kallo.

Ya bi doka. Abokai suka yi tsiya har suka gaji, daga baya wayarsa ma ta yi shiru.

Da ƙafar ta warke, ya ɗaure takalmi ya taka har rumfarsu a bakin teku a birnin Qingdao na ƙasar Sin. Suna nan, sun jibga kwalabe a kujerarsa.

Ya wuce ta gabansu ko ɗingishi babu. Ba wanda ya ɗago kai.