Ɗan Ɓad-da-kama na Huɗu

Wa ya aike ku tambaya? Ba ku da aiki sai tonon abin da ya girme ku. Wai me ya sa 'yan ɓad-da-kama suke tsallake gidanmu duk Kirsimeti. To ku rufe baki ku ji, sau ɗaya zan faɗa.

Duk gaɓar nan ta Newfoundland babu wanda bai san ni Tryphena Snook ba. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma shekara talatin da ɗaya babu wanda ya shigo kicin ɗina fuska a rufe ya fita da ita a rufe. A yafa labule, a cusa filo a ciki, a sa takalmin hagu a dama, a yi magana ana jan numfashi ciki, duk a banza. Tsayuwar mutum kawai nake kallo.

Dokar kun san ta. Wanda aka kira sunansa ya yaye fuska, ya zauna, ya ci kek, ya sha abin da aka zuba masa. Wanda ba a gane ba, ba ya cire wa kansa, yadda ya shigo haka zai fita. Sau uku ake ba mai gida ya canka. Ni ban taɓa kaiwa na biyu ba.

Ranar ƙarshe ce ta kwanakin Kirsimeti goma sha biyu. Jirgin ruwa mai kawo wasiƙu ya iso da rana, zai juya da safe kafin ƙanƙara ta rufe mashigin har bazara. Mun ci abincin yamma, na kai ku sama na kwantar, lokacin ko shekara huɗu ba ku cika ba. Sai bugun ƙofa.

"Ana karɓar baƙi a gidan nan?"

Su huɗu ne. Maƙwabta sun biyo bayansu fiye da yadda aka saba, har kicin ya cika. Karena ya yi ta haushi har na huɗun ya shigo, sannan ya kwanta. Aka ja goge, uku suka yi rawa har kwanuka na motsi.

Na nuna mai gogen. "Ambrose Pardy, ko buhu goma ka sa, ƙarnin kifinka zai riga ka shigowa."

Aka kwashe da dariya, ya yaye fuska.

"Effie, labulen surukarki ne wannan, ki mayar kafin ta farga. Kai kuma Hedley, rigar matarka ta fi yi maka kyau, ka riƙe ta."

Uku sun zauna. Na yanka musu kek.

Na huɗun bai yi rawa ba. Rigar ruwa ta masunta ce a jikinsa, ta yi masa yawa, ya sa safa a hannu, ya rufe kai da farin labule. Da zai ratsa ɗakin ya tsallake katakon daɓen nan mai ƙara, ya je gindin matakala ya tsaya.

"Saura ɗaya, Gwaggo," in ji Effie. "Ki duba da kyau."

Na zagaya shi sau biyu. Na dafa kafaɗarsa, ƙashi ne zalla.

"Sabon malamin makarantar nan ne."

Ya girgiza kai. Tryphena ta kuskure, abin da ba a taɓa ji ba. Ambrose ya ajiye gogensa a gwiwa.

"Haba Gwaggo, Kirsimeti ne fa."

"Kirsimeti ba ya ƙara wa tsohuwa ido. To ko Fadan coci ne ya sha ya ɓata hanya?"

Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Labulen ya jiƙe daidai wajen idanu. Murhuna da zafi yake, dusar ƙanƙara ba ta daɗewa a kan mutum.

Effie ta matso ta kama hannuna, murya ƙasa-ƙasa. "Saura sau ɗaya. Shekara talatin da ɗaya fa, Gwaggo. Gobe har tsibiran ƙetare za a ji an kayar da ke. Ki faɗi suna kawai, kowa ya huta."

Na huɗun ya miƙo mini hannu, safar ta huje a babban yatsa. Na kalli hannun. Na kalli mutanen da suka cika mini kicin, kowa ya zuba wa bakina ido.

"Ban san shi ba," na ce. "Ba ɗan garin nan ba ne. Ba shi da kowa a nan."

Hedley ya miƙe da rigar matarsa. "A bar shi ya zauna mana, ko shayi ya sha. Kin ji iskar da ake yi a waje?"

"Ba ni na kafa dokar ba."

Na je na buɗe ƙofar na riƙe. Ya daɗe yana kallon saman matakala, har sanyi ya cika ɗakin. Sannan ya fita, fuska a rufe. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, babu mai sallama, kek ɗinsu a faranti ko gutsira ba su yi ba. Da safe jirgi ya tashi, bayan kwana biyu ƙanƙara ta rufe mashigi.

Tun daga ranar ba a sake buga ƙofar nan ba. Yaran gari suna cewa tausayina ake ji, wai idon tsohuwa ya mutu. Su yi ta faɗa.

Ku tashi ku hau sama, kada in ji motsin kowa. Idona kuwa lafiyarsa lau. 'Yar da ta jibge mini jarirai biyu ta gudu Toronto ba za ta ci kek a kicin ɗina ba, kuma na gane uwarku tun kafin ta gama kakkaɓe takalminta a bakin ƙofa.