Goran tsohon masunci

Silifas ɗin ƙanwata Asabe na fara gani da na isa bakin gulbi a ƙauyen Kwalkwalawa, an jera su tsaf a kan yashi. Inna ce ta aike ni kiranta bayan an tashi makaranta. Sai na hango kanta yana nutsewa yana tasowa, daidai inda masu ɗibar yashi suka bar rami a ƙarƙashin ruwa.

Ban iya ruwa ba, amma na tattare hijabina zan faɗa. Wani tsohon masunci ya damƙe hannuna.

"Tsaya nan, ɗiyata. In kin bi ta, gawa biyu za mu hiddawa."

Ya kwanta a kan ƙaton goransa, ya isa wurinta, ya ɗoro ta a kai. Har yau ina tuna ƙarnin kifin da ke jikin goran nan. Asabe tana da 'ya'ya uku yanzu, kuma ko sunan tsohon ban sani ba, sai dai addu'a.

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu saboda kunya, ranar na riƙe gefen rigarsa.

"Baba, don Allah ka koya mana ruwa."