Mai Tukwane da Masu Dubiya

Kin tambaye ni yadda ake jinyar wanda likita ya ce a mayar gida. Na yi wannan jinyar, na kuma ga ƙarshenta, amma bari in ba ki misali da wata mai ginin tukwane.

Ita kaɗai ta rage wa mahaifinta, wani tsohon manomi da ciwo ya ci ƙarfinsa. A asibitin birni aka gaya musu gaskiya, cewa magani ya yi iyakar abin da zai yi. Tsohon bai tsorata ba. Abu guda ya roƙa, a kai shi ɗakinsa ya cika a can, inda yake jin kiran sallar unguwarsu da kukan awakinsa. Aka kawo shi, aka ja mata kunne ta riƙa juya shi a kai a kai don kada kwanciya ta ci masa fata. Mutanen gari kuwa ba su gaza ba wajen dubiya. Da hantsi za ki ga takalma jibge a ƙofar ɗaki, wannan da lemo, wancan da ƙwaryar fura. Kowa ya durƙusa ya ce, "Ya mai jiki?" Ita kuma ta amsa yadda aka koya mana duka tun muna yara: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Sai ta shimfiɗa tabarma, ta ɗebo ruwa, ta raka su har zaure. In sun watse ta dawo ta tsaya a kan tsohon, ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa ta ja, ya yi nishi, ita ma ta yi, ba ta iya kai shi ɗaya gefen sosai. Wanka kuwa sai ta kawar da kai, shi ma ya rufe ido, kunya ta hana ruwa kaiwa inda ya kamata. Yumɓun da ta kwaɓa ya bushe a tsakar gida har ya tsattsage.

Wata rana malamar asibitin ƙauyen ta biyo, ta ɗaga zanen tsohon, ta ga ƙugunsa ya yi ja ya fara saɓulewa. Ta ce in wurin nan ya buɗe, ba makawa sai an mayar da shi birni. Tsohon ya ji, sai ya ƙi shan kunun ranar. Da la'asar maƙwabciyarsu mai daddawa ta leƙo ta yi tambayar da aka saba. Mai tukwane ta buɗe baki za ta ba da amsar da aka saba, sai ta kasa. Ta ce, "Babu sauƙi, Yaya. Ba na iya juya shi." Mai daddawa ta dube ta ta ce, "Shi ne kika yi ta sallamar mu da 'da sauƙi' kamar baƙi? Ai mun ɗauka lemo kawai kike bukata." Ta saɓa mayafi ta nufi gidan liman.

Daga nan aka mai da dubiya gayya. Duk sallar da aka idar, maza biyu daga sahu su biyo ta gidan su juya shi, tsakanin salloli kuma masu shagon bakin hanya su leƙo. Malamar asibiti ta nuna musu yadda ake ninka zane a sa ƙarƙashinsa, a kama gefe da gefe a mirgina shi ba tare da an ja fata ba, ta kuma riƙa kawo maganin rage zafi. Wanzami ya ɗauki wanka da aski. Mata suka raba kunu da wanki a tsakaninsu, kuma wadda ta zo ta ɗebi ruwan shanta da kanta. Taubashinsa, wani tsoho mai baki, shi ya fi kowa zama. Yana shigowa zai ce, "Kai malalaci, mutane na gona kana kwance ana juya ka kamar waina." Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Kai da ko kana tsaye ba ka taɓa cika rumbu ba."

Bai warke ba, dama ba wanda ya ce zai warke. Amma wurin nan ya bushe bai buɗe ba, ba a kuma sake maganar birni ba. Mai tukwane ta samu barci, ta samu zama kusa da shi ba don wani aiki ba, sai don hira. A nan ya ba ta labaran mahaifiyarta da ba ta taɓa ji ba. Wata safiya tana tsakar gida aka kira ta a hankali. Ta shiga ta tarar da kansa a cinyar taubashinsa, liman na maimaita kalmar shahada kusa da kunnensa. Ta riƙe hannunsa har ya saki. Ta yi kuka, amma kukan rashi ne kawai, babu na da-na-sani a ciki. Da wata tsohuwa ta kwanta ciwo a gidanta da ke bayan masallaci bayan haka, ba a jira 'ya'yanta sun roƙa ba, matan unguwa suka shiga suka tambaya a nuna musu inda za su kama.

To, in sun zo miki dubiya, ki gode musu, sannan ki gaya musu abin da ya fi ƙarfinki. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.