Hannun Azurfa a Ƙofar Inna

Da ƙarfi ya fizge hannun azurfar nan daga saman ƙofar mahaifiyarsa, har ƙusar ta yi tsalle. Tun tasowarsa a Mai Wurno yake ganinsa, yatsu biyar da ido a tsakiya, amma sai yau wani baƙo ya gane masa rubutun da ke jiki.

"Inna, shirka ba ta isa ba, sai da rubutun Yahudawa? Ni da ke jan salla! Yau a kogi zai kwana."

Tsohuwar ba ta ɗago daga tsintar wake ba.

"Sannu, liman. Shekarar da na haife ka a garin Madani ina wanki a gidan wani Bayahude, zazzaɓi ya ƙafar mini da nono. Matarsa, wadda ta ba ni wannan, ita ta shayar da kai wata bakwai tare da ɗanta. Kai ka yi karatu, ka san matsayinta. Je ka jefa kyautar uwarka a ruwa. Amma ka fara amayar da nonon."

Ya dubi hannun azurfar. Sannan ya duƙa yana laluben ƙusar cikin ƙasa.